Idon da Inna Ta Rufe

"Ba zan canza ba, Baba."

Sai da maganar ta gama fita sannan na gane daga bakina ta fito. Ina durƙushe a gefen tabarmarsa a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, kofin kunun tsamiyar da na kawo masa yana hannuna ban ko dire ba. Baba ya zare tabarau, ya dube ni kamar baƙuwar da ta faɗo masa gida babu sallama.

"Uwata, me kika ce?"

"Na ce ka yi haƙuri, ba zan canza ba."

Daga madafa na ji murfin tukunya ya suɓuce wa Umma.

Masu karatu, ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Nasiha Hambali, shekarata ashirin da ɗaya, a Birnin Kudu aka haife ni. Sunan kakata Inna, mahaifiyar Baba, aka mayar mini, shi ya sa ake ɓoye shi da Nasiha, shi kuma Baba tun ina zanin goyo bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Kuma idona na hagu a karkace yake, ya leƙa wajen hanci. Gara in faɗa muku da bakina, don duk wanda ya gan ni shi yake fara gani kafin ya ga sauran fuskar. A firamare Harara-garke ake ce mini. A sakandare 'yan ajinmu suka ƙara wayewa, sai su ce, "Nasiha, da ni kike ko da ta bayana?" In yi dariya tare da su, in shiga banɗaki in wanke fuska, in fito in zo na ɗaya a jarrabawa. Haka na yi ta yi har na gama.

Abin da ya haɗa ni da Baba ranar Litinin ɗin nan shi ne karatu. Na zauna JAMB karo na biyu. Bara makin bai kai ba, na shekara a gida ina koyar da 'yan nazare a wata makarantar unguwa, ina bitar littattafaina a kan benci lokacin tara. Bana maki ya yi kyau. Abin da nake so kuwa sunansa otoptik: aikin daidaita idanun da suka ƙi tafiya tare, musamman na yara, da farfaɗo da idon da ya daina aiki tun bai mutu ba. Na bincika iya bincikena ban same shi a tsaye shi kaɗai a jerin kwasa-kwasan da zan iya nema ba, sai na cike optometiri, karatun awon ido, a wata jami'a a Kano. Shekara shida. In na gama in nemi ƙarin horo a kan abin da nake so ɗin.

Baba kuwa ya ce in je cibiyar rajista in mayar da zaɓina makarantar koyon jinya ta nan garinmu, kafin a rufe karɓar fom ranar Juma'a.

"Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli," in ji shi, yana goge tabarau da bakin riga. "Na ga masu digiri suna tallan kati a tasha. Amma ban taɓa ganin nas tana zaune a gida ba aiki ba. Wannan abin naki, kin taɓa ganin mutum ɗaya mai yin sa a duk faɗin ƙasar nan tamu, daga nan har Gwaram?"

"Ban gani ba, Baba."

"To?"

"Shi ya sa nake so."

"Ke kika ga babu mai yi, kika ce dama ce. Ni na ga babu mai yi, na ce babu mai ɗauka." Ya mayar da tabarau. "Ga yaron nan Kamaluddeen, shekara guda yana jiran ki. Ba ni na kawo shi ba, ke kika kawo shi. Ranar Alhamis ki shirya ki je Basirka ki gaida Inna. Ni na kasa, wataƙila ita ki ji tata."

Na dire kunun na tashi.

Kada ku ɗauka Kamaluddeen mugu ne, don wallahi da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Ma'aikaci ne a sashen gona na ƙaramar hukumar Gwaram. A bikin wata ƙawata muka haɗu, kuma shi ne namijin farko da ya yi mini magana bai taɓa waiwayawa ya duba ko wani nake kallo a bayansa ba. Zuwansa na uku ya lura cewa in ya zauna ta hagu sai na juya kai gaba ɗaya. Bai tambaye ni ba. Tun daga ranar dai ta dama yake zama.

Talata bayan la'asar saƙonsa ya shigo: "Ranki ya daɗe, bawanki yana zaure."

Na sa atamfata mai ruwan ganye da ɗigon zinariya, ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara, na shafa humra kaɗan a wuya. Kwalli kuwa ido biyun nake zizarawa daidai wa daida, ban taɓa rage wa na hagun ba. Na same shi cikin shadda ruwan toka, hula a karkace, ya ajiye ledar gasasshiyar masara a kan dakali, takalminsa duk jar laka.

"Likitan ido," ya ce, "a duba ni mana. Kwana biyu ba na ganin kowa sai mutum ɗaya."

"Wannan ba ciwon ido ba ne, rashin aikin yi ne."

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya ɓare masara ya miƙo mini rabi.

"Baba ya kira ni," ya ce.

"Na sani."

"Nasiha, ki saurare ni da kyau. Ban ce kada ki yi karatu ba. In kin shiga makarantar jinya, kina shekarar farko a ɗaura, in kama mana gida a nan Birnin Kudu, ni in riƙa zuwa Gwaram kullum. Ki gama, ki yi aikinki, ni zan riƙa kai ki. Amma shekara shida a Kano? Ban da yajin aiki? Sannan ki ce akwai wani karatun a gaba, wanda ke kanki ba ki san inda za ki yi shi ba?"

"Zan sani in na isa wurin."

"Hajiyata ta tsufa. Ni kaɗai ne namiji. Jiya ta ce mini ita dai ko ba ta ga jika ba, ta ga matar da za ta bar ni a hannunta." Ya sunkuyar da kai. "Nas ma ai tana taimakon mutane. Akwai nas ɗin ido ma. Me ya sa sai wannan? Ki faɗa mini dalili ɗaya wanda zan kai wa Hajiya."

Na dubi masarar hannuna. Ina da dalili. Shekara huɗu ina ɗauke da shi. Amma na ce, "Shi nake so kawai."

"Ranar Juma'a da ƙarfe goma zan zo da babur in kai ki cibiyar," ya ce yana miƙewa. "In kin fito, na ji amsa. In ba ki fito ba ma, na ji."

To ku, masu karatu, bari in faɗa muku abin da na hana shi.

Ina da shekara biyar Baba ya kai ni sashen ido na asibiti. Suka ba shi kwalin filasta mai kama da ƙwai, suka ce kullum a liƙe mini ido ɗaya na wasu awoyi. A watan nan Umma ta haihu ta sha wahala, Baba kuma yana koyarwa a Zandam, sai ƙarshen mako yake zuwa. Aka tattara ni da kwalin filasta aka kai wa Inna Tani a Basirka. Na yi wata huɗu a can. Da aka dawo da ni ido yana nan yadda yake, sai kowa ya ce asibiti sun gwada sun kasa, haka Allah Ya halicce ta. Aka rufe maganar.

Sai ina aji biyar na sakandare wasu masu duba ido suka zo makarantarmu. Wata mata mai farin gilashi ta rufe mini idon dama ta ce in karanta allo. Ko babban harafin sama ban gani ba, sai wani duhu-duhu kamar hayaƙi. Ta ce, "Ba a taɓa liƙa miki filasta kina ƙarama ba?" Na ce an yi. Ta ce, "Kin sha kuka ke nan. Yara ba sa so, don lafiyayyen ake rufewa, a tilasta wa raunannen ya koyi gani. In an yi tun yaro yana ƙarami, sau da yawa ana dacewa. In an girma kuwa, da wuya."

Ni kuwa ban tuna na yi kuka ba. Abin da na tuna, da filastata a fuska nake tsince tsakuwa a shinkafar Inna. Da ita nake zura mata zare a allura, tana yi mini kirari. Komai tar nake ganinsa.

A kan kujerar nan na gane wane ido Inna ta rufe.

Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa? Inna ce ta goye ni zuwa gona, ita take ɓoye mini ƙanzon tuwo da man shanu, ita ta taɓa bin wani yaro da muciya har ƙofar gidansu don ya ce mini Harara-garke. Sai na haɗiye. Na dai tambayi matar sunan aikin masu gyara irin wannan ido, ta rubuta mini a bayan katin awo. Katin yana cikin jakata har yau.

Alhamis da sassafe na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan ƙasa saboda hanya, Umma ta ɗaura mini ƙullin sabulu da daddawa in kai wa Inna. Ta rako ni zaure ta ce a hankali, "Ki bi ta da lallami, kin ji? Kada ki je ki yi mata bakin nan naki." Na hau bas zuwa Gwaram, muka yi ta jiran ta cika, daga can na hau babur. An yi ruwa da asuba, gero ya kai gwiwa, mutane duk sun duƙufa a gona.

A gidan nan na Basirka yayata Mansura take aure, ɗan baffanmu take aure, ɗakinta yana kallon na Inna. 'Yarta Hidaya shekararta huɗu, ita ma idonta na hagu ya fara leƙa hanci. Ni na matsa wa Mansura har ta kawo ta asibiti sati uku da suka wuce, aka ba su filasta. Da hannuna na nuna mata: na dama, Yaya, na dama, mai lafiyar.

Na yi sallama. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana gyaran zogale, zaninta na saƙi ɗaure a ƙirji, kallabi ya zame baya, furfura fes.

"Lale da takwara! Lale da 'yar boko mai gardama da ubanta! An ce kin ƙi allura kin ce sai gilashi."

"Inna, ko ruwa ba a ba ni ba za a fara shari'a?"

"Ruwan gidan nan ba na masu taurin kai ba ne. Zo nan in gan ki. Kin rame. Wannan saurayin naki ba ya kawo tsire ne?"

"Yana kawowa, Umma ce take cinyewa."

"Ƙarya kike yi wa 'yar mutane."

Muna cikin dariya Hidaya ta fito da gudu daga ɗakin uwarta, tana jan gwangwani da zare. "Anti Nasiha!" Ta tsallake turmi, ta kauce wa kaza, ta faɗo jikina. Na ɗago fuskarta.

Filastar tana kan idon hagu.

Wallahi sai da na ji tsakar gidan ta juya. Na ce, "Yaya Mansura!" Ta leƙo da hannu duk ƙullu. Tana ganin inda nake kallo ta kawar da kai.

"Na liƙa yadda kika ce," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kwana biyu tana ihu, tana karo da bango, ta faɗa kan murhu saura kaɗan. Inna ta ce ba a gidan nan ba. Ni ya zan yi? In yi musu da Inna?"

Na zaunar da Hidaya a cinyata, na ɓare filastar a hankali, na ce a miƙo mini sabuwa. Na liƙa a dama. Ko minti ɗaya ba a yi ba yarinyar ta fara lalube, ta miƙa hannu tana neman fuskata, sai kuka.

"Ke!" Inna ta ture faifan zogale. "Me kike yi haka? Cire mata!"

"Inna, haka likita ya ce."

"Likitan bai da hankali ne ko ku ne ba ku ji daidai ba? In ƙafarki ta dama ta yi ciwo, ta hagu ake ɗaurewa? Ido mai ciwo shi ake rufewa ya huta, iska ba ta taɓa shi ba, rana ba ta taɓa shi ba. Ki rufe mata mai kyau ki bar ta da me? Mayar mata, na ce."

"Ba zan mayar ba."

Karo na biyu ke nan a sati ɗaya da na ƙi bin maganar babba. Mansura ta dafe ƙirji.

Inna ta miƙe tsaye, tana gyara ɗaurin zani. "Ni za ki koya wa riƙon yaro? Ke ɗin nan da kike baki, haka ubanki ya kawo ki da kwalin nan, ya ce wai a rufe na dama. Na liƙa sau ɗaya, kika wuni kina kuka kina kiran uwarki, ko tuwo kika ƙi ci. Na ce ba za a makantar mini da takwara ina kallo ba. Na mayar miki ɗayan, kika warware kika shiga wasa. Wata huɗu ban yi fashin rana ɗaya ba. Ga ki nan, me ya same ki?"

Da alfahari ta faɗa, masu karatu. Da alfahari. Shekara goma sha shida tana ɗauke da shi a matsayin alherin da ta yi mini.

Ina iya yin shiru. Na saba. Amma Hidaya tana cinyata tana kuka, kuma na san ina hawa babur za a ɓare filastar nan.

Na miƙa wa Mansura yarinyar. Na matsa gaban Inna, taku uku tsakaninmu. Na sa tafin hannuna na rufe idona na dama.

"Inna, ɗaga yatsunki. Ko nawa kika ga dama."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Ki ɗaga dai."

Ina jin kukan Hidaya, ina jin kaji. A gabana akwai wani abu dogo mai duhu, shi ne Inna.

"Kin ɗaga?" na ce.

"Tun ɗazu," in ji Mansura.

"Ban gani ba. Ko fuskarki ban gani ba, Inna. In kika tsaya a kasuwa haka, ba zan san ke ce ba. Wannan idon ba karkata kawai ya yi ba, bai koyi gani ba ne. Ana rufe mai lafiyar ne don shi ya tashi ya yi aiki. Kukan da na yi, aikin ne ya fara."

Na sauke hannuna. Yatsunta uku suna nan a sama, ta manta ba ta sauke ba.

Ta koma ta zauna a hankali. Ta jawo faifan zogalen, ta dube shi, ta ture. Can ta ce, ba ta kalle ni ba, "Tun yaushe kika sani?"

"Shekara huɗu."

"Kika yi ta zuwa kina cin tuwona, ba ki faɗa ba."

"Ba ki yi don cuta ba, Inna."

"Ba shi na tambaye ki ba." Ta ɗago. "Takwara, tsakaninki da Allah. Da na bar shi inda ubanki ya ce, da kin gani da shi?"

Da na ce a'a, da an wuce wurin. Da ta yi mini faɗan da aka aiko ni a yi mini, mu ci dambu, in koma gida. Na dubi Hidaya.

"Allah ne Masani," na ce. "Amma mai duba idon ta ce da wataƙila na gani."

Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba, ko ranar da aka yi rasuwar ɗanta Baffa Ƙasimu tasbihi kawai ta riƙa ja. Ranar nan ta ja bakin kallabi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi, babu sauti. Na durƙusa na riƙe ƙafarta ina cewa ta yafe mini. Ta zare ƙafar, ta shige ɗaki, ta saki labule. Har na tafi bayan azahar ba ta fito ba. Maganar makarantar jinya kuwa ko sau ɗaya ba ta taso ba.

Kafin in iso Birnin Kudu labari ya riga ni. Na tarar da Baba tsaye a zaure da waya a hannu.

"Na aike ki a yi miki faɗa, kika je kika sa tsohuwa kuka a gaban jikokinta."

"Baba, Hidaya ce..."

"Na ji. Duk na ji." Muryarsa ta sauka. "Ni na kai ki. Ni na miƙa mata kwalin. Wata huɗu ina zuwa ina ganin ki da abin nan a fuska, ban taɓa tsayawa na duba wane ido ba ne." Sai fuskarsa ta sake ɗaurewa. "Amma ko me ta yi, uwata ce. Akwai yadda ake faɗa wa babba magana. Da ni kika fara gaya wa. Ke, wuce ciki."

Ke. Ba Uwata ba.

Juma'a ƙarfe goma saura na ji tsayuwar babur ɗinsa. Ina zaune a bakin gado da hijabina a jiki, takardar JAMB a cikin jaka, katin nan mai rubutu a baya yana hannuna. Umma ta leƙo, ta dube ni, ta koma. Waya ta yi ƙara.

"Ina waje."

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Daga ƙarshe na tura masa duka: filasta, Inna, Hidaya, yatsu uku. Na ce, "Ga dalilin da ka tambaya. Yara nawa ne a ƙauyukan nan ake rufe musu idon da ba shi ba, saboda babu wanda zai zauna ya yi wa kakanninsu bayani da Hausar da za su yarda? Ba a asibiti aka rasa idona ba, Kamal, a tsakar gida aka rasa shi. Ina so in zama wadda ta san aikin nan ciki da waje, ta kuma san tsakar gidan."

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa.

"Wallahi na fahimce ki. Da ni kaɗai ne da na jira. Ki fito, Nasiha. Don Allah."

Taga tana gefen damana. Da na ɗaga labule kaɗan zan gan shi. Ban ɗaga ba, don na san kaina.

Sha ɗaya da kwata na ji ya tayar da babur. Bayan an sauko daga masallaci saƙo na ƙarshe ya shigo: "Na gaya wa Hajiya. Kawunnaina ba za su zo neman auren ba. Allah Ya ba ki abin da kike nema, Ya sa ki zama sanadin ganin yara da yawa. Ki yafe mini."

Na kifa wayar. Ban yi kuka ba sai da na je ɗauraye kwanuka, inda ƙarar famfo za ta rufe.

Jiya Lahadi da hantsi Mansura ta turo hoto. Hidaya ce a bayan Inna, goye da zanin saƙi, ƙatuwar yarinya ƙafafu har gwiwar tsohuwa, fuska jage-jage da hawaye. Filasta tana dama. A wuyan hannunta na dama an ɗaura jan zare. A ƙasa akwai saƙon murya, na sa a kunne.

"Takwara." Muryar ta dushe. "Na ɗaura mata zare don kada in rikice. Tun safe take kuka. Ban cire ba." Ina jin numfashinta. "Sai ki yi karatun da kyau."

Sau nawa na saurara, ban sani ba.

Yau kwana huɗu Baba yana amsa gaisuwata da "lafiya" kawai, kunun safe ma Umma ce take kai masa. Mansura ta ce Inna ta daina zama cikin mata in ana hira, kuma ko an zuba mata tuwo sai ta ce ta ƙoshi. Mutumin da ya koyi zama ta damana ba tare da na roƙe shi ba ya tafi, kuma ba zan ce ya yi laifi ba. An rufe fom ɗin makarantar jinya. Abin da na biya ke nan: sunan da ubana yake kirana da shi, kwanciyar hankalin tsohuwar da ta fi kowa sona, da Kamaluddeen. Jami'ar kuwa har yanzu ba ta fitar da sunaye ba. Yau da safe na sake dubawa, shafin yana nan yadda yake, bai ce an ɗauke ni ba, bai ce ba a ɗauke ni ba.